Inna Ta Ƙoshi

Shafi na 17

Ga masu cika min akwatin saƙo da tambaya, ga kuma waɗanda yau suka fara shigowa, ga inda aka tsaya. An kai Manaja awo asibiti, yaron da bai daɗe da cika shekara biyu ba, nas ta ce nauyinsa ya ragu. Gwaggonsa, yayar babansa, ta ce ba ciwo ba ne, mai raino ce ke cinye masa abinci. Babansa ya ce a sallame ta. Uwarsa ta ce sai ta gani da idonta.

Mai rainon kuwa ita ce Inna, dattijuwar da ta raba wa gidan muƙamai tun zuwanta. Yaron ya zama Manaja. Uwarsa mai aiki a ɗakin gwajin jini ta zama Likita. Ubansa mai gyaran firij ya zama Injiniya.

*

A ranar, Likita ta fita kamar kullum. Ta dafa shinkafa da kifi da sassafe, ta raba a kula uku: babbar ta Injiniya, tata ta wurin aiki, da ƙaramar ta Manaja mai hoton agwagwa. Ta wanke tukunya, ta goge, ta kife.

Da tsakar rana ta nemi izini ta dawo. Ta shigo ta ƙofar baya, takalminta a hannu, kularta a jaka ba ta buɗe ba. Ta tsaya bayan labulen da ya raba kicin da falo.

Inna na zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe. Manaja na gabanta. Faranti ɗaya, cokali biyu.

"Ranka ya daɗe, an kawo abinci," in ji Inna. "Za a duba, ko a mayar wa mai dafawa?"

Manaja ya tura mata cokali. "Inna ci."

"Inna za ta ci. Kalla ka gani."

Ta kai cokalin gefen farantin, ta ƙwanƙwasa shi har ya yi ƙara, ta ɗaga. Babu ko ƙwayar shinkafa a ciki. Ta kai baki, ta lumshe ido, ta tauna, ta haɗiye.

"Kai, daɗi! Inna ta ƙoshi. Saura Manaja."

Manaja ya ɗauki nasa. Ya ƙwanƙwasa gefen farantin. Ya ɗaga cokalin babu komai, ya kai baki, ya lumshe ido, ya tauna a hankali, ya haɗiye. Ya shafa cikinsa.

"Manaja ƙoshi."

"A'a, ranka ya daɗe, ba haka muka yi da kai ba. Naka da shinkafa ake yi."

Ta ɗebo, ta yi masa jirgin sama, ta yi masa mota mai ƙaho. Ya karɓi loma biyu. Ta uku ya ƙwace cokalin, ya nufi bakinta da shi cike. Inna ta kau da kai gefe. Ya sake turawa. Ta sake kaucewa, tana dariya.

Ya ajiye cokalin, ya juya wa farantin baya.

Likita ta ɗage labule.

"Sannu da gida, Inna."

Inna ta ɗago. Ba ta firgita ba. Idonta ya sauka kan takalmin.

"Sannu da dawowa, Likita. Tsinkewa ya yi, ko sanɗa ake yi?"

"Sanɗa ake yi."

"To, an kama ɓarauniyar?"

Likita ta ajiye takalmin a ƙasa. "Wa ya gaya miki?"

"Gwaggonsa Allah bai ba ta raɗa ba. Ranar da ta kira ki ina banɗaki ina wanke masa jiki, famfo na zuba, amma na ji ta tsaf."

Manaja ya rugo ya rungume ƙafar uwarsa. Ta ɗauke shi, ta zauna a hannun kujera, tana kallon farantin.

"Tun yaushe yake wannan abin?"

"Cin iska? Ya kwan biyu. Da farko yana yarda ya ci nasa idan ya ga bakina na motsi. Sai ya gano ni. Yaron nan ido gare shi kamar mai binciken kaya."

"Inna, me kika ci yau?"

"Na sha shayi kafin in fito."

"Da rana fa?"

"Idan na koma gida."

"Sai duhu ya fara kike barin gidan nan."

"Ai tukunyata ba ta gudu, tana jirana."

"Jiya fa? Shekaranjiya?"

Inna ta ɗauki murfin kula ta rufe sauran abincin.

"Haka dai."

Da Likita ta yi magana, muryarta ta ɗan tashi.

"Ranar da kika fara zuwa na kama hannunki na kai ki kicin. Na nuna miki shinkafa, na nuna miki taliya da ƙwai. Na ce nan gidanki ne."

"Kin faɗa, ban manta ba. Kin kuma ce kada a kunna gas yana kusa."

"Haka ne."

"To nuna min lokacin da ba ya kusa."

"Idan ya yi barci."

"A bayana yake yi. Ki kwance zanen, kafin kansa ya taɓa katifa ya buɗe ido. Ke kika haife shi, kin fi ni sani."

"To ki taho da naki daga gida mana."

"Na taho da shi, farkon zuwana. Kin tuna ranar da leɓensa ya kumbura?"

Likita ta tuna. Ta gyara wa yaron wuyan riga.

"Hannu ya zura min a kwano, ga barkono," in ji Inna. "Kika ce daga yau kada abincin waje ya sake shiga bakinsa. Gaskiyarki, ko ni haka zan ce. Shi kuma ba zai ga ana ci ya ƙyale ba. Na gwada ci a tsaye, ya kama zanina. Na gwada bayan ƙofa, ya zauna a bakinta yana ihu har maƙwabciya ta leƙo. Sai na daina kawowa, kowa ya huta."

"Nasa fa? Cokali ɗaya, don ya ga kin ci?"

Inna ta ɗaga ƙaramar kular mai agwagwa, ta juya ta a hannu.

"Wannan? Da ludayi kike auna masa, kamar magani. In na ci ɗaya, nasa na rage. Kuma da na saba yin hakan, yau da Gwaggo ta yi gaskiya."

"Me ya hana ki buɗe baki ki gaya min?"

"Haba 'yar nan. Ko ban girmi mahaifiyarki ba, sa'a muke. In tare ki a ƙofa, kina sauri, jaka a kafaɗa, in ce ki zuba min abinci?"

"Ba roƙo ba ne ai."

"A bakina roƙo ne. Na yi aiki gidan da ake zuba min tare da nasu. Na yi gidan da aka ce min tun ranar farko in riƙa zuwa da nawa. Duka biyun na zauna lafiya. Ku ne ba ku ce komai ba. Kullum na shigo in tarar da tukunya a kife tana ƙyalli, sai na ce to, haka tsarin gidan yake."

Likita ta waiwaya ta kalli kicin. Daga inda take tana hango tukunyar.

"Ba na son barin wanke-wanke ne kawai," in ji ta.

"Na sani. Ban taɓa ganin kicin mai tsabtar naki ba. Ko kyankyaso ya shigo, haƙuri zai ba da ya fita."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ciro waya ta kira mijinta.

"Kana ina?"

"Shago. Kin gani da idon naki?"

"Na gani. Ka ci abincinka?"

"Yanzu zan buɗe."

"Kada ka buɗe. Taho da shi."

*

Shagon ba nisa. Injiniya ya shigo da rigar aiki, baƙin mai a gwiwar hannu, kula a rataye. Ya ga Inna a zaune, ya rage murya.

"Sannu, Inna." Ya juya wurin matarsa. "Kun yi maganar?"

"Zauna tukuna."

"Na bar firij ɗin mutane a buɗe."

"Zauna."

Ya zauna. Ta buɗe farantin, ta sauke Manaja a gabansa, ta miƙa masa cokali.

"Manaja, nuna wa Baba yadda ake cin abinci."

Manaja ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga, ya lumshe ido, ya tauna, ya haɗiye, ya shafa ciki.

Injiniya ya fashe da dariya. "Kai, ɗan wasan kwaikwayo! Wa ya koya maka wannan?"

Ya kalli matarsa, ya kalli Inna. Dariyar ta tsaya.

Likita ta gaya masa a taƙaice, kamar mai karanta sakamakon gwaji. Gas, barkono, ludayi, tukunya.

"Tsaya," in ji shi. "Ba ke kike zuba mata ba?"

"Kula nawa kake gani a kan teburi da safe?"

"Ni tawa kawai nake ɗauka."

"Ni kuma na ɗauka tana dafa nata."

Ya shafa ƙeya. Sai ya gyara zama, kamar wanda ya tuna yana da hujja.

"Amma a yi maganar gaskiya, Inna ki yi haƙuri. Ni a shago ba wanda ke ciyar da ni. Ke ma a wurin aikinki ba a ba ki. Yaya ta ce yawancin gidaje yanzu albashi ne kawai, kowa ya ji da cikinsa."

"Idan yunwa ta kama ka a shago me kake yi?"

"In ja ƙofa, in wanke hannu, in ci."

"Firij ɗin yana bin ka yana kuka?"

"A'a."

"Yana zura maka hannu a kwano?"

"Likita, na gane."

"Ba ka gane ba. Mun ba ta aikin da babu fita, babu hutun rana, mun hana ta wuta, mun hana ta kawo nata. Sannan muka zauna muna shawarar ko ita ke cinye na yaro."

"Ke ma kin zauna a shawarar."

"Da bakina na ce mun."

Inna ta ɗaga hannu. "Kada ku yi faɗa a kaina gaban Manaja, zai rage muku albashi."

Likita ta miƙe, ta ɗauko babban tire daga kicin. Ta juye kularta a ciki. Ta miƙa hannu ga ta mijinta. Da ta buɗe, ta tsaya.

"Duk wannan kake cinyewa kullum?"

Injiniya ya kalli silin. "Ba duka ba."

"Sauran fa?"

"Maigadin layin shagunanmu."

"Tun yaushe?"

"Kina zuba min kamar mai dako. In dawo da shi ki ce ban son girkinki. Rabi nake ba shi."

"Shi ya sa duk na wuce yake miƙewa tsaye ya gaishe ni."

"Har ya ce a gaya miki gishirin jiya ya ɗan yi yawa."

Inna ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Likita ta juye abincin da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

"Maigadi ya yi kumatu da girkina, mai riƙe min ɗa tana tauna iska. Madalla da mu."

Ta jera cokali huɗu. Ta zauna a ƙasa da kayan aikinta. Injiniya ya wanko hannu ya zauna shi ma.

"Bismillah, Inna."

"Ku ci, 'ya'yan nan. Ni na saba, cikina ba ya neman komai sai dare."

"Ba don ke ba ne," in ji Likita. "Magani ne. Nas ta ce dole nauyinsa ya ƙaru kafin mu koma. Ba ya ci sai kin ci. Ki taimake ni."

Inna ta kalle ta. "Kin iya sa mutum a kwana."

"Aikina ne. Kullum da allura nake lallashin mutane."

Manaja bai jira su ba. Ya cusa cokali a tiren, ya ɗebo shinkafa har tana zuba, ya miƙe tsaye, ya nufi bakin Inna.

"Inna ci."

Ta kalli cokalin. Ta kalli Injiniya, shi kuma ya mayar da idonsa kan tire. Ta buɗe baki.

Manaja ya tsaya a gabanta yana kallon muƙamuƙinta, sannan wuyanta. Da ta haɗiye, ya kama haɓarta.

"Aaa."

Ta buɗe masa baki. Ya leƙa ciki da kyau.

"An tabbatar, ranka ya daɗe?"

Ya koma ya zauna. Ya ɗebo ya kai bakinsa. Ya sake ɗebowa ya kai nata. Haka suka yi ta yi, ɗaya nata, ɗaya nasa. Ya ci kifi, ya ci karas ɗin da ya saba tofarwa. Iyayen suka rage cin nasu, suna tura shinkafa ɓangarensu da bayan cokali.

"Ashe girkin naki da daɗi," in ji Inna. "Ƙamshinsa kawai na sani."

Likita ta tashi ta shiga kicin, ta ce ruwa za ta kawo. Ta ɗan jima. Da ta dawo, fuskarta a wanke take.

"Daga gobe kula huɗu," in ji ta. "A'a, ba ma kula ba. Tukunyar zan bari a kan teburi da ludayinta. Ki zuba yadda kike so, ku ci tare a faranti ɗaya."

"Wanke-wanken fa?" in ji Injiniya. "Za ki iya fita ki bar tukunya da datti?"

"Kai za ka wanke in ka dawo."

"Na karɓa." Ya juya ga Inna, ya sauke murya. "Inna, ni na ce a sallame ki. Ban bincika ba. Ki yafe min."

"Ɗanka ne ya rame. Uban da bai ji zafi ba shi ne abin tsoro. Na yafe."

"Ita kuma Yaya zan kira ta yau."

"Ka kira ta a hankali. Ita ma son sa take."

Manaja ya sake miƙo cokali. Wannan karon Inna ta karɓe shi da hannu, ta ajiye a gefen tire. Ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Tunda yau ranar faɗar gaskiya ce, akwai tawa."

Likita ta ajiye kofin ruwa.

"Daren da na ji maganar Gwaggo, na gaya wa 'yar ƙanwata ta nema min wani wuri. Ta samo. Wasu ne masu tagwaye, kusa da unguwarmu, da ƙafa ma zan riƙa zuwa. Na je mun gaisa. Mutanen kirki ne."

"Inna..."

"Bari in ƙarasa. Ba don abinci ba ne. Yunwar rana ba baƙuwata ba ce, kuma da ita ce da tuni na tafi. Amma tun ina budurwa nake riƙon 'ya'yan mutane, ba a taɓa haɗa ni da ɗaukar abin wani ba. Na ce gara in tafi da ƙafata kafin a nuna min ƙofa."

"Ba mai nuna miki ƙofa," in ji Injiniya.

"Yau. Jiya fa?"

Injiniya ya ajiye cokalinsa.

Likita ta matso kusa da ita. "Kin ba su amsa?"

"Na ce su bar ni zuwa yau da rana. Matar ta riga ta sallami wadda ke taya ta, ni take jira. Ita ma aiki take fita."

"To ki ce musu a'a."

"Ba a yi wa mutane haka da sauƙi, 'yar nan. Ta dogara da maganata."

"Shi fa?" Likita ta nuna Manaja da haɓa. Yana zaune a cinyar Inna, shinkafa a goshinsa, yana ƙoƙarin cusa mata kan kifi a tafin hannu.

Inna ta cire masa ƙwayar shinkafar daga goshi.

Wayarta ta yi ƙara a kan tabarma. Duk ukun suka kalle ta. Inna ta miƙa hannu, amma Manaja ya riga ta. Ya damƙe wayar da hannunsa mai maiƙo, ya danna abin da ya danna, muryar wata mata ta cika falon, da kukan jarirai biyu a bayanta.

"Salamu alaikum, Inna? Ni ce maman tagwaye. Gobe da safen muna sa ran ki ko?"

Inna ta buɗe baki za ta amsa.

Manaja ya kai wayar bakinsa.

"Inna na cin abinci," in ji shi.